Tambaya da Amsa: Wa Ke da Wuƙa da Nama a Dokokin Karatun Jami'a?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, wato yadda malamai da wakilan ɗalibai suke zama su tattauna dokokin karatu a jami'a, da kuma wanda maganarsa take zama ta ƙarshe idan aka saɓa. Mun taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni wakili ne a majalisar ɗalibai ta jami'armu. A tsakiyar zangon karatun da ya gabata majalisar malamai ta zartar da cewa duk wanda ya faɗi kwas ɗaya sau biyu ba za a ba shi dama ta uku ba, sai dai ya canza sashe, aka kuma ce dokar ta hau kan kowa nan take, har da 'yan ajin ƙarshe. Muna da kujeru biyu a zauren, amma na sauraro ne, ba mu da ƙuri'a. Mun zauna a tamu majalisar, muka zartar da ƙudirin ƙin amincewa ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, muka aika wa magatakarda, har yau shiru. Shin ƙudirinmu yana da wani ƙarfi a doka? In ba shi da shi, mene ne amfanin zamanmu? Daga wani ɗalibi ɗan aji uku.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Farkon amsar ba zai yi maka daɗi ba. A mafi yawan jami'o'in duniya ƙudirin majalisar ɗalibai shawara ce, ba ya ɗaure majalisar malamai, domin dokar da ta kafa jami'a takan raba iko gida biyu: majalisar gudanarwa tana riƙe da kuɗi da dukiya da ɗaukar manyan ma'aikata, majalisar malamai kuma tana riƙe da manhaja da jarrabawa da sharuɗɗan ba da digiri. Ƙungiyar ɗalibai tana da iko a kan harkokinta na cikin gida, amma a sha'anin karatu bakinta na roƙo ne da kawo hujja. Ka nemi kundin dokokin jami'arku ka karanta sashen da ya lissafa ikon majalisar malamai, za ka ga abin da nake faɗa a rubuce.

Wannan rabo bai faɗo daga sama ba, kuma ba haka aka fara a ko'ina ba. A jami'ar Bolonya ta Italiya, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1088, akwai zamanin da ɗalibai ne suke mulki. Su suke zaɓen shugaba daga cikinsu, su suke biyan malamai, suna cin tarar malamin da ya makara ko ya tsallake babi mai wuya, kuma malami ba ya barin gari sai da izininsu. A Paris kuwa jami'ar ta taso ne a matsayin ƙungiyar malamai, kuma tsarinta ne ya fi yaɗuwa a arewacin Turai. Abin da masu kafa hujja da Bolonya sukan manta shi ne, ko a can ɗin, jarraba mai neman digiri ya zauna a hannun ƙungiyar manyan malamai. Ɗaliban da suka iya cin tarar malami ba su taɓa iya ba wa kansu shaidar kammalawa ba, kuma dalilin a fili yake, domin shaidar da mai ita ya rubuta wa kansa babu wanda zai karɓe ta.

A ƙarnin da ya wuce an sake ɗaga maganar da ƙarfi. A 1918 ɗaliban jami'ar Kodoba ta Ajantina suka yi boren da ya haifar da mulkin haɗin gwiwa, inda malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suke zama a majalisa ɗaya, kowa da ƙuri'arsa. Har yau a jami'ar Buenos Aires, babban birnin ƙasar, majalisar kowace tsangaya tana da kujeru 8 na farfesoshi, 4 na waɗanda suka kammala, 4 na ɗalibai. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1968 Faransa ta yi dokar da ta shigar da zaɓaɓɓun ɗalibai cikin majalisun jami'o'i, wasu jihohin Jamus ta Yamma ma suka bi wannan hanya, har farfesoshi suka kai ƙara. A ranar 29 ga Mayu, 1973, kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma ta yanke hukuncin da nake ganin ya fi kowane bayani fito da iyakar a fili. Ta yarda ɗalibai su zauna su yi ƙuri'a, amma ta ce a abin da ya shafi koyarwa kai tsaye dole farfesoshi su riƙe rabin ƙuri'u, a abin da ya shafi bincike da naɗa farfesa kuma dole su zama su ne da rinjaye. A Amurka, sanarwar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta AAUP ta fitar tare da wasu ƙungiyoyi biyu a 1966 ta ɗora alhakin manhaja da hanyoyin koyarwa a wuyan malamai, sannan ta nemi a sama wa ɗalibai hanyar sa baki mai ma'ana, tana mai lissafa abubuwan da suke rage musu nauyi, ciki har da ƙarancin gogewa da kuma cewa zamansu a jami'a na ɗan lokaci ne, za su tafi su bar wasu da sakamakon abin da suka zartar. Wasu ƙasashen sun rubuta rabon ɗalibai a doka: a Sikotlan dokar 2016 ta ce aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun majalisar karatu na zaɓaɓɓun ɗalibai ne, a Nijeriya kuma gyaran da aka yi wa dokar jami'o'in tarayya a 2003 ya tanadi a dama da ɗalibai a tsara manhaja da auna koyarwar malamai.

Duk wannan ya nuna maka cewa neman ƙuri'a ga kujerunku biyu ba tsaurin ido ba ne, kuma ina goyon bayan ku nema. Sai dai kada ku ɗora duk fatanku a kanta, domin ƙuri'a biyu a zauren da farfesoshi da shugabannin sassa suka cika ba za ta juya sakamako ba. A ganina kun yi kuskure a wuri biyu, kuma duka biyun suna gyaruwa.

Na farko, kun zo a makare. Doka irin wannan ba a zauren majalisa ake haihuwarta ba. Wani sashe ne yake kawo ƙorafi, tsangaya ta tattauna, kwamitin tsare-tsaren karatu ya rubuta daftari, kafin ta iso zaure yawancin masu faɗa a ji sun riga sun sa hannu a ransu, kuma mutum ba ya son warware abin da ya ɗaura a gaban abokan aikinsa. Kujera ɗaya a wancan kwamiti, tare da haƙƙin ganin ajanda da takardu kwanaki kafin zama, ta fi muku kujeru goma na sauraro a babban zaure.

Na biyu, kun haɗa abu biyu kuka yaƙe su tare, alhali ƙarfinku ba ɗaya ba ne a kansu. Ko sau nawa ya kamata a bar mutum ya maimaita kwas kafin a ce wannan fanni ba nasa ba ne, wannan hukunci ne na masana fannin, kuma malamin da ya shekara ashirin yana koyar da lissafin injiniya yana da abin faɗa da ku ba ku da shi. Amma ɗora sabuwar doka a tsakiyar zango a kan wanda ya shigo da tsohuwa, har ya faɗi sau biyu a lokacin da babu wanda ya gaya masa cewa ta biyun ce ta ƙarshe, wannan magana ce ta adalci, kuma a nan hujjarku ta fi tasu. Jami'o'i da yawa, musamman a Amurka, suna bin ƙa'idar cewa ɗalibi yana kammalawa ne bisa sharuɗɗan kundin shekarar da ya shiga. Da ni ne ku, da na janye ƙudirin ƙin amincewa baki ɗaya na rubuta takarda mai shafi biyu da ke neman abu uku: dokar ta fara daga sababbin shiga, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda rashin lafiya ko rasuwa ta kayar, kuma a sake duba dokar bayan shekara biyu da alƙaluma a hannu. Ku haɗa da adadin 'yan ajin ƙarshe da abin zai shafa da kwasa-kwasan da aka fi faɗuwa a cikinsu, domin idan ya bayyana cewa yawancin masu faɗuwar a kwas biyu ko uku suka taru, tambayar za ta koma kan yadda ake koyar da waɗannan kwasa-kwasan. Sannan ku nemi malami mai ƙuri'a, wanda ake jin maganarsa, ya gabatar da ita da sunansa, tun da wasiƙar da aka aika wa magatakarda tana iya kwana a fayil, amma ƙudirin da ɗan majalisa ya gabatar akan saka shi a ajanda.

Kada kuma ka ɗauka dokar da malamai suka zartar ba ta warwaruwa. A 2004 malaman jami'ar Princeton ta Amurka suka amince da cewa masu samun maki mafi daraja kada su wuce kashi 35 cikin 100 a darussan kowane sashe, don a daƙile hauhawar maki. Ɗalibai suka yi ta kuka cewa abin ya zama kaso ƙayyadajje, yana sa su gaba da juna, yana kuma rage musu daraja a gaban masu ɗaukar aiki. Shekara goma aka yi ana wannan jayayya kafin wani kwamitin malamai ya tattara bayanai, ya ji ta bakin ɗalibai, ya ba da shawarar a cire adadin, malamai kuma suka soke shi da ƙuri'arsu a Oktoban 2014. Ɗaliban da suka fara ƙorafin sun daɗe da barin makarantar a lokacin. Saboda haka ku riƙa ajiye rubutaccen tarihin kowace magana kuna miƙa wa waɗanda za su gaje ku, domin babban rauninku shi ne kowace shekara sababbin wakilai suna farawa daga tushe, alhali waɗanda suke zaune a ɗaya ɓangaren teburin suna tuna abin da aka faɗa shekara goma da suka wuce.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malama ce, kuma an saka ni a kwamitin jarrabawa na tsangayarmu, inda aka ba ɗalibai kujera ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke zaune a kujerar yana cikin ajina, kuma muna tattauna yadda za a raba maki tsakanin gwajin cikin zango da babbar jarrabawa. Ta yaya mai rubuta jarrabawa zai sa baki a dokar jarrabawar da zai rubuta? Ba son kai za mu shigo da shi ba? Daga wata malamar jami'a.

AMSA: Barka kadai, Malama. Damuwarki tana da tushe, kuma tsarin da ya san abin da yake yi ya tanadar mata magani. A jami'o'in Birtaniya da waɗanda suka gaji tsarinsu an saba raba ajanda kashi biyu. Akwai buɗaɗɗen kashi, inda ake maganar doka ta gaba ɗaya, akwai kuma keɓaɓɓe, wanda ya ƙunshi sakamakon ɗalibai da sunayensu, da tambayoyin jarrabawa, da ƙarin girma ko ladabtar da wani malami. Idan aka zo keɓaɓɓen, wakilin ɗalibai yakan tashi ya fita, ba a kuma ba shi takardun. In kwamitinku ba ya yin haka, wannan ne abu na farko da za ki nema, kuma babu wakili mai hankali da zai ƙi, domin shi ma ba zai so abokin ajinsa ya ga makinsa ba.

Amma rabon maki tsakanin gwaji da babbar jarrabawa doka ce ta gaba ɗaya, kuma a nan ban yarda a fitar da shi ba. Gaskiya ne yana da muradi a ciki. To, wa ba shi da shi? Malamin da ke da ɗalibai ɗari huɗu a aji yana da dalilinsa na son a rage yawan gwaje-gwaje, tun da shi zai duba takardun, kuma ba mu taɓa cewa ya fita daga zaure saboda haka ba. Abin da ake yi da muradi shi ne a san da shi, a auna maganar mai shi da wannan sani, a kuma tabbatar ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Kujera ɗaya a cikin goma sha wani abu ba za ta ƙwace muku kwamiti ba.

Akwai kuma abin da wannan yaro ya sani wanda ke ba ki sani ba, duk da iliminki. Ke kwas ɗinki kike gani, shi kuwa yana ɗauke da bakwai ko takwas a lokaci guda, saboda haka shi ne kaɗai a ɗakin da zai iya gaya muku cewa malamai biyar sun saka gwajinsu a mako ɗaya, ko cewa sakamakon gwajin ba ya fitowa sai bayan babbar jarrabawa, wanda hakan ya kashe amfanin gwajin gaba ɗaya, tun da an yi shi ne don ɗalibi ya san inda yake da rauni tun da sauran lokaci. Irin wannan bayani ba ya cikin kowane fayil.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ɓangaren da ba ki ambata ba, wato tsoron da shi yaron yake ciki. Yana zaune gaban wadda za ta duba takardarsa, kuma kowace kalma da zai faɗa sai ya auna ta da wannan. Yawancin wakilan ɗalibai a irin wannan zama shiru suke yi, a rubuta cewa an ji ta bakin ɗalibai alhali ba a ji komai ba. In kina son kujerar ta yi amfani, ki nemi a mai da su biyu don su ƙarfafi juna, a riƙa ba su takardu da wuri don su tuntuɓi 'yan'uwansu, shugaban zama kuma ya riƙa tambayarsu kai tsaye kafin manya su yi magana. Game da takardarsa kuwa, ki sa wani malami ya sake duba ta bayan ke, ki kuma sanar da shi tun yanzu cewa haka za a yi, domin hakan zai kare ku duka biyu daga zargi.

TAMBAYA: Malam, ni mahaifi ne mai 'ya'ya biyu a jami'a. Ina jin shugabannin ɗalibai suna neman a riƙa rubuta "ya ci" ko "ya faɗi" kawai a wasu darussa maimakon maki. Ni dai a ganina duk lokacin da aka bar yara suka sa baki a dokar karatu, sauƙi za su nema, digirin kuma ya lalace. Ko na yi kuskure? Daga wani mahaifi.

AMSA: Ranka ya daɗe, ba ka yi kuskure duka ba, domin akwai buƙatun da neman sauƙi ne tsagwaronsa, kuma aikin majalisar malamai ne ta ƙi su ba tare da jin kunya ba. Sai dai wannan tsari da ka ambata ba ɗalibai suka ƙirƙiro shi don lalaci ba. Cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, wadda babu mai zarginta da sassauci, ta fara amfani da irinsa ga sababbin ɗalibanta tun 1968, kuma har yanzu a zangonsu na farko ba a rubuta musu maki a takardar da ke fita waje, don su saba da nauyin karatun kafin a fara ƙirga musu.

Lokacin da aka fi tafka muhawara a kansa shi ne 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu aka koma karatu ta intanet. Ɗalibai da kansu sun rabu biyu. Wasu suka ce a bar kowa ya zaɓa, domin mai neman gurbin karatun likita ko tallafin karatu yana buƙatar makinsa ya fito. Wasu suka ce a ɗora wa kowa, domin in aka bar zaɓi, duk wanda ya ɗauki "ya ci" za a ɗauka makinsa ne bai yi kyau ba, alhali wataƙila gidansu ne babu intanet ko yana jinyar wani. Jami'o'in Harvard da Yale na Amurka sun ɗora wa dukkan masu digirin farko a wancan zango, wasu jami'o'in da yawa kuma suka bar zaɓi. Ko wanne ɓangare mutum ya bi, zai yarda cewa wannan jayayya ce a kan adalci, kuma ɗalibai ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki a gidajen da aka koma.

Ma'aunin da zan ba ka shi ne ka tambayi 'ya'yanka a waɗanne darussa ake nema. In a darussan zaɓi ne na wajen fanninsu, tare da ƙayyade adadi, yana ƙarfafa mai karatun kimiyya ya ɗauki darasin tarihi ba tare da tsoron zubewar makinsa ba. In kuwa a ginshiƙan fannin ne, inda maki yake gaya wa mai ɗaukar aiki bambancin gwani da mai lallaɓawa, ina tare da kai.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyar ɗalibai a inda nake koyarwa tana matsa lamba a riƙa amfani da takardun auna koyarwar malami da ɗalibai suke cikawa a ƙarshen zango wajen yi wa malamai ƙarin girma. Ni sabon malami ne, kuma an san ni da tsanani a maki. Ina da dalilin fargaba? Daga wani matashin malami.

AMSA: Kana da shi, ɗan'uwa. Bincike da dama ya nuna cewa makin da ɗalibai suke ba malami yana tafiya da abubuwan da ba su da alaƙa da ingancin koyarwa, kamar girman aji, da ko darasin dole ne ko na zaɓi, da makin da ɗalibin yake sa ran samu, har da jinsin malamin. A 2018 wani mai sasanci a Kanada ya yanke hukunci a rikicin jami'ar Ryerson da ƙungiyar malamanta cewa kada a yi amfani da waɗannan takardu a matsayin ma'aunin ingancin koyarwa wajen ƙarin girma ko tabbatar da malami a aiki. Bai ce a daina tambayar ɗalibai ba, ya ce abin da takardun suke nunawa shi ne yadda ɗalibi ya ji a ajin.

Shawarata ita ce kada ku ƙi buƙatar gaba ɗaya, domin bayanta akwai ƙorafi na gaskiya a kan malaman da ba sa zuwa aji kuma babu abin da ke samunsu. Ku nemi a gyara tambayoyin su tsaya kan abin da ɗalibi ya gani da idonsa: ko malami yana zuwa a kan lokaci, ko ya ba da tsarin darasi a farkon zango, ko ya dawo da aikin da ɗalibai suka miƙa masa da gyara, ko jarrabawa ta fito daga abin da aka koyar. Ko abin da aka koyar ɗin daidai ne kuma na zamani ne, wannan a bar wa abokan aikinsa da za su shiga ajin su duba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. An naɗa ni wakiliyar ɗalibai a kwamitin da zai rubuta wa jami'armu doka a kan amfani da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT a ayyukan karatu. Wasu malaman suna son a haramta gaba ɗaya, a sayi manhajar kwamfuta mai gano rubutun na'ura, duk wanda ta kama a hukunta shi da laifin satar amsa. Me ya kamata in tsaya a kai? Daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin samu irin kujerar da na ce wa mai tambaya ta farko ya nema, wato wurin da ake rubuta daftari, saboda haka ki shiga da shiri. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen jayayya a kan ko a halatta ko a haramta, domin wannan ya danganta da abin da kowane darasi yake son ya koyar, kuma malamin darasin ne ya fi sani. Mai koyar da rubutun insha'i yana da hujjar hana na'ura ta rubuta wa ɗalibi, mai koyar da shirya manhajar kwamfuta kuma yana iya buƙatar ɗalibansa su iya aiki da ita. Doka ɗaya da za ta hau kan dukkan tsangayoyi za ta yi wa wasu yawa ta yi wa wasu kaɗan. Ko manyan jami'o'in bincike 24 na Birtaniya da ke ƙungiyar Russell, da suka fitar da matsayarsu a Yulin 2023, ba su bi hanyar haramci ba, sun zaɓi a koya wa malamai da ɗalibai amfani da ita tare da kiyaye amanar ilimi. Abin da za ki nema shi ne a wajabta wa kowane malami ya rubuta a tsarin darasinsa, tun makon farko, abin da ya yarda da shi da abin da ya hana a kowane aiki, kuma kada a hukunta kowa da ƙa'idar da ba a rubuta ba.

Inda nake so ki kafe shi ne maganar manhajar ganowa. Kamfanin OpenAI, wanda ya fitar da ChatGPT a Nuwamban 2022, ya yi tasa manhajar ta gano rubutun na'ura, sannan ya janye ta a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A watan da ya biyo baya jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe irin wannan ma'auni da ke cikin Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ta kuma bayyana cewa ko ƙaramin kaso na kuskure, in aka ɗora shi a kan dubban takardu, yana nufin ɗalibai masu yawa za a zarga da abin da ba su yi ba. A shekarar ce kuma wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun waɗanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne a gare su, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen a matsayin na na'ura, saboda mai rubutu da harshen da ya koya a makaranta yakan yi amfani da kalmomi da jimloli da aka saba da su. Ki kai wa kwamitin waɗannan bayanai a rubuce, ki nemi a saka a dokar cewa sakamakon manhaja ba ya zama hujja shi kaɗai, iyakarsa ya sa malami ya kira ɗalibi ya tambaye shi.

Daga nan sai matakan shari'ar kansu, waɗanda galibi ake barinsu a dunƙule har sai an kama wani. Ki nemi a rubuta cewa za a sanar da wanda ake zargi a takarda, a nuna masa abin da aka dogara da shi, a ba shi kwanaki ya shirya, a bar shi ya kawo daftarorinsa na farko da bayanan da ya tattara, ya kuma yi bayanin aikinsa da baki a gaban kwamiti, domin wanda ya rubuta abu da kansa yakan iya kare shi cikin 'yan mintoci. Malamin da ya kawo ƙara kada ya zauna cikin masu yanke hukunci, hukuncin kuma ya bambanta tsakanin wanda ya gyara nahawunsa da na'ura da wanda ya miƙa kundin digiri sukutum da bai rubuta ba, sannan a bayyana inda za a ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan. A ƙarshen daftarin ki roƙi a sa ranar da za a sake duba dokar, kada ta wuce shekara ɗaya, kuma a rubuta cewa wakilan ɗalibai za su zauna a wannan bitar, da alƙaluman ƙararrakin da aka shigar da yadda kowace ta ƙare a gabansu.